Ma'anar Kalmar “Falke” a Binciken Tarihin Zuriya

Sau da yawa idan ɗalibi ya tambayi dattawan gidansu sana'ar kakansu, amsar da yakan samu ba ta wuce cewa falke ne. Shi kuwa sai ya rubuta “ɗan kasuwa” a kundinsa, ya wuce gaba. Wannan kuskure ne babba, domin a cikin kalmar nan ne rabin tarihin da yake nema ya ɓuya.

Fatauci ba zaman rumfa ba ne, ba kuma koli ba ne. Ɗan koli yana zaga kasuwannin ƙauye da allura da madubi da kwalli, ya komo gida bayan 'yan kwanaki. Falke kuwa yakan bi ayari ya yi watanni, wani lokaci har shekara ta zagayo. Alal misali, fataken Gwanja a ƙarni na 19 sukan tashi daga Kano da kanwa da turkuɗi da jar fata, su ƙetare Kwara, su ratsa Bargu, su sauka Salaga, sa'an nan su juyo da goro.

A cikin ayarin kansa ma akwai daraja hawa-hawa. Akwai madugu mai shugabanci, da jagaba mai nuna hanya, da masu dukiya, da yara masu kora jakuna, da bayi masu ɗaukar kaya. Duk waɗannan jikokinsu a yau “falke” suke ce musu, har galibi a ɗaga su zuwa madugu. Wajibi ne mai bincike ya tambaya cikin ladabi: dukiyar wa ya ɗauka? Ayarin wa ya bi? Wane zango ya saba sauka? Amsar tana iya zama mai ɗaci, amma tarihin da aka gina kan fahariya kirari ne kawai.

Haka kuma sana'ar takan nuna asali. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka fi shahara a fataucin goro, kuma daga cikin Agalawa ne Alhassan Ɗantata ya fito, wanda aka haifa a Bebeji, ya rasu a 1955. Takan kuma nuna inda dangi suka ɓace. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892, fatake da dama sun watsu zuwa Kete Karachi da Ankara da sauran zangunan ƙasar da ake kira Gana a yau. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai ayarin jakuna ya soma mutuwa. Saboda haka kakan da aka ce ya tafi Gwanja bai dawo ba, ba lallai ne hanya ta cinye shi ba. Mai yiwuwa ya yi aure can, ya bar zuriya.

Daga ƙarshe, ya kamata malaman wannan sashe su daina karɓar kundin da ya tsaya ga faɗin sunan sana'a kurum. Tsofaffin da suka ji labarin ayari daga bakin kakanninsu suna ƙarewa, kuma abin da ba a tambaye su yau ba, da shi za a binne su.