Keke da Hanyar Burji a Arewacin Zamfara

A shekarar 2022 aka fara gasar duniya ta tseren keke a kan tsakuwa, can ƙasar Italiya. A wurinsu wasa ne na masu sukuni. A nan kuwa tilas ce, musamman tun da aka janye tallafin man fetur a 2023, talaka ya jingine babur ya kakkaɓe tsohon Raleigh.

Manomi ya ɗaure buhun gero a kariya, ya nufi kasuwar Shinkafi ran Alhamis. Marmara ta huda masa taya, rairayi ya sa shi turi, in damina ce Gulbin Bunsuru ya tsare shi sai ruwa ya janye. Wannan duk da sauƙi, in aka tuna da 'yan bindigar dajin Sububu.

Jirgin ƙasa ya iso Ƙauran Namoda tun 1929, ya yi ta kwasar gyaɗa. Ashe kusan shekara ɗari ba ta isa a yi wa jikokin manoman nan kwalbatoci ba? Muna kira ga ƙananan hukumomin Ƙaura, Shinkafi da Zurmi su soma da wannan kafin ruwa ya sauka, gwamnatin jiha kuma ta sa jami'an tsaro su riƙa raka ayari ranakun kasuwa.