A Bar Yaranmu Su San Tarihin Garinsu

'Yan'uwa iyaye, in yaro ya kawo sakamakon jarrabawa, idonmu Lissafi da Turanci yake fara nema. Tarihi da Ilmin Zaman Jama'a da harshen gida kuwa, mun ɗauke su darussan cike gurbi. Gwamnati ma ta taɓa yin wannan tunani: ta cire Tarihi daga manhajar firamare, aka daina koyar da shi tun zangon 2009/2010. A 2022 aka yi shelar maido shi, har aka ware malamai 3,700 domin horaswa, wato ɗari ga kowace jiha da Abuja. Malami ɗari a Jihar Kaduna, ina za su kai?

Abin kunya ne, domin mu a Unguwar Rimi tarihi yana bakin ƙofarmu. Ga Gidan Arewa a Titin Rabah, inda Sardauna ya zauna, wanda ya zama cibiyar ajiye tarihi tun 1970. Ga gidan kayan tarihi a Titin Ali Akilu. Ga gadar Lugga da aka ɗauko daga Zungeru. Garin Nok, wanda gumakansa na yumɓu suka haura shekara 2,000, yana ƙasar Jaba a jiharmu. Amma tambayi ɗan aji shida me ya sa aka dawo da hedkwatar Arewa Kaduna a 1917, sai ya sunkuyar da kai.

Wani zai ce, tarihi zai ba yaro abinci? Ba lallai ba. Amma mu da muka ga rikicin 2000 da na 2002, muka ga yadda kogi ya zama iyaka, Kirista da yawa suka koma kudu, Musulmi suka yo arewa, mun san akwai abin da lissafi ba ya gyarawa. Yaron da aka haifa bayan wannan yana zaton haka garin yake tun fil'azal. In malami bai faɗa masa cewa Gbagyi da Hausawa da Bajju da Yarbawa da Ibo sun yi zaman gida ɗaya a garin nan ba, labarin da zai ji a bakin titi daban ne.

Makarantun da ikkilisiyoyinmu suka buɗe su fara. A nemo malamin Tarihi na gaske, a daina ɗora darasin a kan duk wanda ba shi da aji a ranar Juma'a. A taron iyaye da malamai mai zuwa, mu tambayi hedimasta sau nawa ake koyar da shi a mako, da ranar da za a kai yara Gidan Arewa.