Kujerar Majalisa Ba Gadon Jam'iyya Ba Ce

Ranar Litinin 23 ga Satumba 2024, Mike McDonnell, ɗan majalisar dokokin jihar Nebraska ta Amurka, ya kalli gwamnan jiharsa da jam'iyyarsa ta Republican da Donald Trump ya ce musu a'a. So suke a sauya dokar rabon wakilan zaɓen shugaban ƙasa ana saura kwana 43 a kaɗa ƙuri'a, don wakilin nan guda na yankin Omaha, wanda ya tafi wa Obama a 2008 ya kuma tafi wa Biden a 2020, ya daina kuɓuce musu. Ƙuri'a 33 suke nema daga cikin 49. Sanata Lindsey Graham har takakkiya ya yi daga wata jihar ya zo lallashi. McDonnell ya ce in ana son sauyi a kai wa jama'a su yanke da kansu. Gwamna Jim Pillen ya haƙura da kiran zaman gaggawa, Trump kuwa ya hau intanet yana cewa mutumin neman suna kawai yake yi.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne hukuncin da na ji ana yankewa a majalisun hirarmu na nan gida. Wai anti-fati ya yi, wai butulu ne, jam'iyya ta karɓe shi da hannu biyu a watan Afrilu ya watsa mata ƙasa a ido a watan Satumba. Masu wannan magana ba su tsaya tambayar ko abin da ya ƙi yi daidai ne ko kuskure ba. Abin da suka sani shi ne ɗan majalisa kayan jam'iyya ne, in ta ce zauna ya zauna. Wannan tunani shi ya kashe mana majalisun jihohi, kuma na gaji da jin ana maimaita shi kamar karatun allo.

Ku dubi inda mutumin ya fito. Ɗan kwana-kwana ne. Ya yi shekaru yana shiga gidajen da kowa ke gudu daga cikinsu, ya shugabanci ƙungiyar 'yan kwana-kwanan Omaha, ya zo ya zama shugaban hukumar kashe gobara ta birnin. Da wannan suna mutanen kudancin Omaha suka zaɓe shi a 2016. Ɗan ɗarikar Katolika ne mai adawa da zubar da ciki, kuma a kan haka jam'iyyar Democrat ta jihar ta yi masa tofin Allah tsine a hukumance, ya tattara ya koma Republican. Da waɗannan ma suka zo da tasu buƙatar da ba ta kwanta masa ba, amsar da ya ba waɗancan ita ya ba su. Mutum ne da ya san ko an raba shi da siyasa yau yana da sana'a da fansho da jama'ar da suka san shi tun kafin fosta. Wasu sun ce ai kujerar magajin garin Omaha yake hange a lokacin, shi ya sa. To sai me? In tsoron masu ƙuri'a ne ya hana shi bin umarnin manya, ai abin da ake nema ke nan daga wakili.

Ba jarumtarsa kaɗai ba ce, tsarin gidan ya ba shi ƙafar tsayawa. Tun 1934 mutanen Nebraska suka bi shawarar Sanata George Norris suka rushe majalisa biyu suka mayar da ita ɗaya, suka kuma cire sunan jam'iyya daga takardar zaɓen 'yan majalisa. Da sabon tsarin ya fara aiki a 1937, wakilai sun ragu daga 133 zuwa 43, daga baya suka zama 49. Sunanka kawai ake bugawa. Duk masu nema su shiga zagayen farko tare, biyun da suka fi ƙuri'a su kara a zagaye na biyu. Kakakin majalisa da shugabannin kwamitoci da ƙuri'ar sirri ake zaɓensu, babu mai tsaya maka a ka yana duba wanda ka rubuta. Kowane ƙuduri sai an yi masa zaman jin ra'ayin jama'a. Albashin kuwa dala 12,000 ne a shekara. Kowa ya san wane ɗan Republican ne wane ɗan Democrat, ba a hana mutum katinsa ba. Abin da aka hana shi ne jam'iyya ta riƙe makullin ƙofar.

Ta wannan ƙofa Ernie Chambers ya shiga. Baƙar fata ne mai aski a wani shago a arewacin Omaha, ya karanta shari'a amma bai shiga ƙungiyar lauyoyi ba, kuma ba ya ƙarƙashin ko ɗaya daga manyan jam'iyyun biyu. Ya yi shekara 46 a majalisar, yana zuwa zauren da 'yar shara da wandon jins. Shi ya ja majalisar a 1980 ta zama ta farko a jihohin Amurka da ta nemi a janye dukiyar gwamnati daga kamfanonin da ke hulɗa da mulkin wariyar launin fata na Afirka ta Kudu. A jihar da 'yan mazan jiya suka fi yawa, shi ya kai ga soke hukuncin kisa a 2015, har aka tsallake ƙin amincewar gwamna da ƙuri'a 30, duk da cewa jama'a sun dawo da hukuncin a shekarar da ta biyo. Ban yarda da duk abin da Chambers ya tsaya a kai ba, nesa ma kuwa. Tambayata ita ce, wace jam'iyya ce a Najeriya za ta ba mai aski tikiti, ta kuma bar shi ya yi shekara arba'in yana ce wa gwamnoni ba haka ba?

Sashe na 106 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ce ba ka zama ɗan majalisar jiha sai kana cikin jam'iyya kuma ita ta tsayar da kai. Kafin zaɓen 2023, fom ɗin majalisar jiha a APC naira miliyan 2 ne, kafin a zo maganar deleget da ake kwasa a ɓoye a otel daren zaɓen fid da gwani. Na san wani tsohon hedimasta a ƙaramar hukumarmu, rabin masu gemun garin shi ya koya musu ABCD. Dattawa suka matsa masa ya fito, aka yi karo-karo aka sayi fom. Ana jibi zaɓen fid da gwani aka kira shi gidan wani babba, aka ba shi lemo, aka ce an riga an yi maslaha, ya yi haƙuri sai wani jiƙon. Wanda aka ba tikitin ɗan riƙe jakar maigida ne. Hedimasta ba shi da wata ƙofa, doka ta rufe. Ranar zaɓe kuwa takardar da aka miƙa wa tsohuwa ba ta da sunan kowa, daga tsintsiya sai lema sai kwandon kayan marmari. An riga an faɗa mata a gida ta yi sak. Ta dangwala, ta fito, ba ta san wa ta aika majalisa ba, shi ma ya san ba ita ta aike shi ba.

Kotuna sun sha tabbatar mana da haka. A 2007 Kotun Ƙoli ta ɗora Rotimi Amaechi a kujerar gwamnan Ribas alhali ba shi ya yi kamfe ba, don jam'iyya ce ta ci. A watan Mayun 2019 aka zubar da duk ƙuri'un da Zamfarawa suka ba APC saboda rikicin zaɓen fid da gwani, waɗanda suka faɗi suka shiga majalisa. A 2023 kotun ɗaukaka ƙara ta kori 'yan PDP 16 daga majalisar Filato a kan shugabancin jam'iyyarsu. Wane laifi manomin Bakura ko na Langtang ya yi? Layi ya bi cikin rana. Rigimar wasu mutane ce a sakatariya ta cinye masa ƙuri'a.

Za a ce mini sojoji sun gwada zaɓe ba jam'iyya a 1987 da 1996, me ya haifar? Wanda ya riƙe bindiga yana tantance 'yan takara ba shi zai zama hujja a kan farar hula ba, a bar wannan. Za a ce masu kuɗi za su saye kujeru. Yanzu fa, kyauta ake rabawa? Za a ce ƙabilanci da addini za su cike gurbin jam'iyya, sai ka ce jam'iyyun ba da su suke cin kasuwa ba. Ghana tana zaɓen majalisun gundumominta ba da tutar jam'iyya ba a ƙarƙashin kundin 1992, 'yan'uwanmu na zango suna tsayawa da sunansu. Da aka so shigo da jam'iyyu ta ƙuri'ar raba gardama a Disamban 2019, sai da aka fasa. Mu kuwa duk jihar da ta yi zaɓen ƙananan hukumomi, jam'iyyar gwamna ke lashe kusan komai har kansila, mu tafa.

Masu cewa jam'iyya ce ke kawo aƙida da tarbiyya su suka fi ba ni haushi, don na san abin da tarbiyyar jam'iyya ta yi wa tsohuwar jihar Kaduna. Talakawa suka zaɓi Balarabe Musa na PRP gwamna a 1979. 'Yan NPN masu rinjaye a majalisa suka ƙi amincewa da kwamishinoninsa, ya aika suna su mayar, ya sake aikawa su sake mayarwa, har suka tsige shi ranar 23 ga Yuni 1981. A cikin waɗanda suka ɗaga hannu, ba a rasa waɗanda a zuciyarsu suka san mutumin ba ɓarawo ba ne. Umarni ne ya zo daga sama, kuma babu ƙuri'ar sirri da mutum zai fake a bayanta. Kada 'yan PRP su yi murmushi, don nasu gidan ma bai tsira ba. Rabuwar Santsi da Taɓo ta raba aminai, ta raba 'yan ɗaki ɗaya a Kano, mutanen da suka sha ɗauri tare tun zamanin NEPU suka daina gaisawa saboda wane ne halattaccen shugaban jam'iyya. Har yau muna biyan wannan bashi. A 2019 majalisar Kano ta raba masarauta gida biyar cikin 'yan kwanaki, a watan Mayun 2024 majalisar Kano ta rushe wannan rabon cikin gaggawa irin ta farko. Ko kana bayan wane sarki, ka tambayi kanka ko an kira masu unguwanni da malamai da 'yan kasuwar Kurmi an ji ta bakinsu a ɗaya daga cikin biyun. Launin hula ne ya sauya a gidan gwamnati, majalisa ta bi.

Ban ce a rushe jam'iyyu a matakin shugaban ƙasa ba. Cewa na yi a fara daga ƙasa. A cire sharaɗin jam'iyya daga sashe na 106, a buga suna da hoton ɗan takarar majalisar jiha da na kansila a takardar zaɓe, a zaɓi kakaki da shugabannin kwamitoci da ƙuri'ar sirri. Lokacin da aka rage shekarun takarar majalisar jiha zuwa 25 a 2018 an yi ta murna, amma matashin da ba shi da ubangida har yanzu a bakin ƙofa yake, don maganar ɗan takara mai zaman kansa ba ta zama doka ba. Kwamitin gyaran kundin tsarin mulki na Majalisar Dattawa yana hannun Sanata Barau Jibrin, na Majalisar Wakilai yana hannun Benjamin Kalu, su ya kamata a dama da takardu. Bayan su kuma gyaran sai ya samu amincewar majalisun jihohi 24, wato mutanen da ɗauki-ɗora ya kai su kujerar. Duk wanda ya san gidan ɗan majalisarsa ya je ya tambaye shi gaba da gaba, a gaban mutane, ta ina zai jefa tasa ƙuri'ar in maganar ta iso.