Cutar MS: Kada sauƙin 'yan makonni ya yaudare mu

A ce wata matar aure 'yar shekara 28 a Kanya Babba ta wayi gari idonta ɗaya yana gani dishi-dishi, ƙafarta kuma ta yi nauyi. Kafin azahar shawarwari sun taru. Wannan ya ce iska ce, wancan ya ce sammu ne, wani ya turo bidiyon mai magani ta WhatsApp. Aka sayo, ta sha. Bayan mako uku ta miƙe garau, kowa ya ce magani ya yi.

Nan ne tsorona yake. Akwai cutar da haka halinta yake, ko an sha magani ko ba a sha ba. Likitoci na kiranta multiple sclerosis, ko MS a taƙaice.

Garkuwar jiki ce ke juyowa ta riƙa lalata rigar da ta lulluɓe jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na laka, kamar ɓera ya gaigaye robar wayar lantarki. Saƙo sai ya riƙa yankewa tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi. A wurin akasarin masu ita, takan taso, ta lafa na watanni, ta sake dawowa, kuma kowane zuwa na iya barin tabo. Zafi irin na bazararmu yakan ƙara fito da alamunta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 1.8 ke fama da ita. Ta fi kama mata, kuma ta fi bayyana tsakanin shekara 20 zuwa 40. Ba a ɗaukarta daga wani. Har yau babu maganin da ke warkar da ita, amma akwai masu rage yawan tasowarta. Saboda haka duk mai tallan cewa zai kawar da ita cikin kwana bakwai, aljihunka yake hari.

Gaskiya ne ba ta da yawa a ƙasashenmu, kuma ciwon suga ko shanyewar ɓarin jiki na iya kawo alamu masu kama da nata. Shi ya sa waya ba za ta yanke hukunci ba. Sai likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ya duba, a ɗauki hoton MRI.

Na san tafiya Kano kuɗi ce. Amma a fara da babban asibitin Ɓaɓura ko na Kazaure, a nemi takardar turawa zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. A rubuta ranar da kowace alama ta fara da ranar da ta lafa, domin likita zai tambaya. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti.

Ranar 30 ga Mayu ce ranar MS ta duniya. Ya kamata gidajen rediyon Jigawa su gayyato likita ya yi bayani da Hausa, mutane su buga waya su yi tambaya.