Ƙarfen Dalma: Ƙarami Ya Wadatar

Ya ɗan'uwa ɗalibi, fitila mai caji nawa aka jefar a gidanku cikin Birni, alhali kuwa waya guda ce ta tsinke daga mazaunin batir? A gidanmu na Jakara na ƙirga huɗu. Don haka ina ganin ya kamata kowane gida ya mallaki ƙarfen narka dalma.

To, wane iri? Wani mai kanti a Sabon Gari ya miƙo mini babba mai wat 100, wai ya fi aiki. Kada ka yarda. Wannan na masu liƙin kwano ne, kafin ƙiftawar ido ya narkar da robar fitila. Mai wat 30, mai siririn baki, ya wadatar, domin dalmar haɗa waya tana narkewa kusa da digiri 190. Ƙaramin janareta ma yana jan sa ran da babu wuta, abin da ba labari ba ne a unguwarmu.

Gargaɗi ɗaya: kada bakin ƙarfen ya taɓa jikin batirin litiyam. Zafi yana kumbura shi, har ya kama da wuta. Cire batir tukuna, sa'an nan ka liƙa wayar a mazauninsa.