Mai son shiga Metal Gear, ya shiga ta ƙofar 1998

Sunan Konami ba baƙo ba ne a gidajen gem na Zuru. Duk wanda ya taɓa biyan kuɗin buga ƙwallo a PlayStation 2 ya ga sunan yana haskawa a talabijin kafin Pro Evolution Soccer ya buɗe. Sai dai wannan kamfani na Japan yana da wani jerin wasanni da ya girmi na ƙwallon nan da shekaru, wanda ya fara fita a 1987 daga hannun Hideo Kojima. Shi ne Metal Gear, wasan sanɗa, inda gwani shi ne wanda ya shiga sansanin abokan gaba ya fito ba wanda ya ga ko inuwarsa.

A watan Oktoba na 2023 Konami ya tattara tsofaffin wasannin a kundi ɗaya mai suna Master Collection Vol. 1, sannan a watan Agusta na 2025 ya fitar da Metal Gear Solid Delta: Snake Eater, wato na uku da aka sake gina shi da hotuna na zamani. Yaran da suka tashi da PlayStation 2 yanzu su ne malamai, ma'aikatan jinya da ma'aikatan banki, suna da kwamfuta, suna da ɗan abin da za su saya, ba su da lokacin ɓarnatarwa. Idan ɗayansu ya tambayi daga ina zai fara, yawanci shawara biyu ake ba shi: ko ya bi labarin daga shekarar da ya fi tsufa a cikinsa, ko ya ɗauki wanda ya fi kyawun hoto. Dukansu biyu sakin reshe ne kama ganye, kuma ta farkon ta fi haɗari domin tana da kamannin hankali.

Masu ita suna cewa labarin na uku, Snake Eater, ya faru ne a 1964, saboda haka shi ne mafari. Daga nan sai Peace Walker a 1974, Ground Zeroes a 1975, The Phantom Pain a 1984, sannan a gangaro zuwa wasan farko da na biyu na asali, waɗanda labarinsu ya faɗo a 1995 da 1999, kafin a iso Metal Gear Solid a 2005. A takarda tsarin ya zauna. A aikace kuwa ga abin da yake nufi: mutum zai gama The Phantom Pain, wasan 2015 mai faffaɗan fili da doki da jirgi mai saukar ungulu, washegari a miƙa masa wasan 1987 da aka yi wa kwamfutar MSX2, inda soja ɗan ɗigo ne mai tafiya a fuskoki huɗu kacal. Mutum nawa ne za su tsallake wannan rami? Mai ba da shawarar kansa bai bi ta nan ba. Ya buga su ne yadda suka fito, shekara bayan shekara, sai da ya gama ya zauna ya jera su, ya kuma manta cewa daɗin da ya ji ya samo asali ne daga tsarin da ya bi.

Kojima ya rubuta kowane wasa yana sane da abin da mai wasa ya riga ya sani, kuma da wannan sanin yake aiki. A Snake Eater akwai wani matashin hafsan Tarayyar Sobiyet mai rawar kai, Ocelot, wanda bindigarsa ta cije masa a tsakiyar burga. Jarumin wasan ya dube shi ya ce masa yadda yake sarrafa hannunsa ya fi dacewa da bindiga mai juyawa. Ga wanda ya fara daga nan, wannan magana ce ta wucewa. Ga wanda ya buga na 1998, ya sha wuya a hannun wani tsoho da ake kira Revolver Ocelot, wannan ne lokacin da aka haifi dodonsa a gaban idonsa. Haka shi kansa jarumin. Matashi ne mai biyayya, mai barkwanci, mai son malamarsa The Boss, amma wanda ya bi tsarin fitowa ya san cewa wannan matashin shi ne zai zama Big Boss, mahaifin Solid Snake kuma abokin gabarsa. Saboda haka duk alherin da ya gani a tare da shi sai ya zame masa abin tausayi. An gina wasan gaba ɗaya a kan tambayar yadda mutumin kirki irin wannan ya kai ga can. Wanda bai san “can” ɗin ba, an ba shi amsa ba tare da ya taɓa jin tambayar ba.

Na biyu, Sons of Liberty na 2001, ya ma fi tsanani. Kojima ya ɓoye wa duniya a tallace-tallacensa cewa yawancin wasan ba da Snake za a buga shi ba, da wani sabon jini ne mai suna Raiden, kuma abubuwan da Raiden ke gamuwa da su suna kama da na wasan 1998 kamannin da ba na haɗari ba. Jin cewa “ai an taɓa yin wannan” shi ne makamin da wasan ke amfani da shi a kan mai riƙe da fad, har ya kai shi ga maganarsa ta ƙarshe a kan yadda za a riƙa tace labari da sarrafa abin da jama'a ke gani a zamanin intanet, shekaru kafin a san Facebook. Wanda bai buga na farko ba, wannan makami ba ya kama shi. Na huɗu kuwa, na 2008, yana mayar da tsohon Snake tsibirin Shadow Moses inda aka yi na 1998, kuma babu abin da zai sa baƙo ya ji komai a cikin kangon da bai taɓa shiga ba.

Shawara ta biyu ta fi sauƙin rusawa. The Phantom Pain ya fi kowane daɗin sarrafawa, wannan babu gardama, kuma rabinsa na biyu yana kan iyakar Angola da Zayar, da yara sojoji waɗanda idan mai wasa ya kashe ɗaya daga cikinsu aikin ya rushe nan take. Amma labarinsa bai ƙarasa ba. Wani babi da aka yi niyya, na 51, bai shiga wasan ba, sai dai aka nuna guntunsa a faifan kyauta, kuma Kojima ya bar Konami a ƙarshen 2015. Fara jeri daga babin da marubucinsa bai kammala ba, ana cikin rabuwa da mai gida, ba dabara ba ce. Shi kuma Delta, kyakkyawa ne, amma na uku ne da sabuwar riga, an kuma yi shi Kojima ba ya nan, sannan yana buƙatar PlayStation 5 ko makamanciyarta, ko kwamfuta mai ƙarfi. Abin dariyar shi ne hanyar da ta fi dacewa ita ce mafi araha: wasan 1998 faifai biyu ne na tsohuwar PlayStation, kwamfutar ofis ma tana ɗaukarsa, kuma cikin kusan awa 12 an gama shi. Ana adana ci gaba ta hanyar kiran Mei Ling a rediyon kunne, abin da duk wanda ya san halin wutar lantarki a garuruwan Kebbi zai yaba. Masu cewa a kalli taƙaitawa a YouTube a huta kuwa, su ne masu gamsuwa da ƙanshin miya daga gidan maƙwabta.

Gaskiya ne wasan ya tsufa. Fuskokin mutanen ba su da idanu na kirki, baki ba ya motsi, kyamara tana kallo daga sama, harbi kuma yana da taurin kai. Sa'a ta farko za ta ba wanda ya saba da Call of Duty haushi. Amma wannan ƙuncin shi ne makarantar. Asalin jerin ma daga rashi ya fito: MSX2 ba ta iya nuna harsasai da sojoji da yawa a lokaci ɗaya, sai Kojima ya mai da guje wa faɗa ya zama shi ne wasan. A na 1998 ana ajiye mutum a wata tashar kaya ta ƙarƙashin ƙasa, ba bindiga, sai tabarau na hangen nesa da kwalin sigari, a ce ya jira na'urar hawa ta sauko alhali masu gadi suna kewayawa. Idan ya taka ruwa da gudu za su ji. A waje, za su bi sawunsa a kan ƙanƙara. Idan ya ƙwanƙwasa bango, mai gadi zai bar wurinsa ya zo dubawa. Duk nahawun jerin yana cikin waɗannan mintuna, kuma duk abin da aka ƙara daga baya, har kayan sajewa da daji na Snake Eater, a kansa aka ɗora. Garin da saurayi ke yin shekaru yana noman golmo a gonar surukai kafin a ba shi mata ba ya buƙatar a yi masa lacca a kan jira. Wasannin 1987 da 1990 kuwa ana iya ɗaga musu ƙafa da farko, tun da na 1998 yana ɗauke da taƙaitaccen labarinsu a rubuce.

Akwai wata suka da ta fi duk waɗannan nauyi, kuma a Zuru ba a isa a yi watsi da ita ba. A masarautar da aka yi wa 'yan sa-kai kwanton ɓauna a watan Maris na 2022 aka kashe fiye da 60, inda ƙauyukan Danko-Wasagu da Sakaba suka san ƙarar bindiga ta gaske, mene ne amfanin babban mutum ya zauna yana wasan sojoji? Tambaya ce ta gaskiya, kuma akwai wasanni da yawa da ba su da amsarta. Metal Gear yana da ita. Daga na biyu zuwa gaba ana iya gama kusan dukkan wasan ba a kashe kowa ba, da bindigar sa barci da haƙuri, kuma wasan yana ba da lada mafi girma ga wanda ya yi haka. A Snake Eater akwai wani kogi da ake tilasta wa mai wasa ya bi a ƙafa, inda fatalwar kowane soja da ya kashe tun farkon wasan za ta zo ta wuce shi tana kuka da irin raunin da ya yi mata. Wanda ya yi ta kisa zai daɗe a cikin ruwan nan. Wasan harbi na yau da kullum yana ƙirga gawa ne don ya ba da maki. Wannan yana ƙirgawa don ya tuhumi mai wasa.

Kuma jigon jerin gaba ɗaya tambaya ce da gidajen Zuru suka fi yawancin gidajen Najeriya saninta: me ƙasa ke bin soja, me soja ke bin ƙasa? Tun zamanin Turawa ake ɗibar Lelna, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, aikin soja, har abin ya zama gado. Marigayi Sarkin Zuru, Manjo Janar Muhammadu Sani Sami, ya yi gwamnan soja a Bauchi daga 1984 zuwa 1985 kafin ya hau gadon sarauta. Laftanar Janar Ishaya Bamaiyi ya riƙe shugabancin rundunar sojan ƙasa daga 1996 zuwa 1999, mulki ya sauya, ya shafe sama da shekara 8 a tsare kafin kotu ta sallame shi a 2008. Kowa na da ra'ayinsa a kan waɗannan shekaru, amma ba wanda zai musa cewa soja yana rantsuwa ne ga gwamnati, gwamnati kuma tana canzawa ta bar shi da abin da ya aikata da sunanta. Abin da The Boss ke ƙoƙarin koya wa ɗalibinta ke nan a 1964: abokin gaban yau zamani ne ya zaɓa shi, gobe zamani zai zaɓi wani. Na 1998 kuma yana tambaya ko ɗan soja dole ne ya gaji yaƙin ubansa. Wanda ya bi tsarin fitowa zai fara jin ƙorafin ɗa, sannan bayan wasa biyu ya ji uzurin uba. Idan aka juya, uban ya riga ya sami tausayi, ɗan kuma sai ya zama mai butulci, abin da marubucin bai nufa ba.

Ba a ce jerin ba shi da aibi ba. Kojima mutum ne mai yawan magana, jarumansa sukan tsaya a tsakiyar faɗa su yi wa'azi a kan makaman nukiliya, kuma fim ɗin rufe na huɗu ya haura awa ɗaya. Yadda yake nuna mata, musamman Quiet a The Phantom Pain, abin kunya ne da babu uzurin labari da ya wanke shi. A Amurka an ware yawancin waɗannan wasanni ne ga 'yan shekara 17 zuwa sama, saboda haka iyayen da suke ganin duk abin da ake riƙe wa fad na yara ne su sake dubawa kafin su bar shi a falo. Turancinsa ma yana da yawa, gara a kunna rubutun ƙasa tun daga farko.

Abu biyu ne kawai ya kamata a faɗa wa sabon shiga kafin ya zauna, domin sun dogara da kayan da ba lalle ne yana da su ba. A faɗa da Psycho Mantis, mai karanta tunani, mafita ita ce a cire fad daga rami na ɗaya a sa a na biyu. A sababbin fitowa da kwamfuta ana yin wannan daga cikin saituna. Sannan akwai wurin da wasan zai ce a nemi lambar rediyon Meryl a bayan kwalin faifai. Kwalin gaske ake nufi, wanda ke hannun mai wasa a ɗakinsa, kuma yawancin faifan da suka shigo kasuwannin Arewa a wancan zamani kwafi ne, ba lalle su zo da bangon asali ba. Lambar ita ce 140.15.