Wuya Tana Kisa: Kafin Ku Tura Yaro Sansanin Hutu

Da zarar an rufe makarantu domin dogon hutu, sai takardun gayyata su fara yawo a Madobi da Kura da Bunkure: sansanin horar da matasa na mako ɗaya ko biyu, za a kwana a tanti ko a ajin wata makaranta, a yi fareti da asuba, a yi tattaki cikin daji, a koyi juriya. A takardar za ku ga kuɗin rajista da jerin kayan da yaro zai zo da su, tabarma da bokiti da farin takalmi har da cokali. Abin da ban cika gani ba shi ne layi guda da ke tambayar ko yaron yana da wata cuta, ko akwai maganin da yake sha kullum. A kan wannan layi da aka tsallake nake da magana.

Sansani ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. 'Yan sikawut sun fara a Nijeriya tun 1915. Horon da ake kira Man O' War ya samo asali a 1951, a wani gaɓar teku da ke Kamaru, bisa tsarin makarantar juriya da aka kafa a Birtaniya a 1941, kuma har yau yana da makaranta a duwatsun Shere da ke Jos. Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi, wadda aka kafa a 1954, tana da sansaninta na hutu, 'yan agaji ma suna da nasu. Ba ni da faɗa da ko ɗaya. Matashin da ya koyi tashi da asuba da wanke kwanonsa da kwana nesa da ɗakin uwarsa ya fi wanda ya ƙare hutu yana latsa waya.

Faɗana da karin maganar da ake rufe wa iyaye baki da ita ne, wai wuya ba ta kisa. Mu da ke zaune a ɗakin magani na asibiti muna karanta katin marasa lafiya mun san tana kisa, mun kuma san irin yaran da take fara ɗauka.

Na farkonsu mai amosanin jini, wato sikila. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da rabin ƙwayar gadon wannan cuta, kuma ana haifar jarirai wajen 150,000 da cikakkiyar cutar kowace shekara. Saboda haka duk sansanin da ya tara yara ɗari biyu ko uku bai kamata ya yi mamakin samun mai sikila a cikinsu ba. Abubuwan da ke tayar da ciwon kuwa su ne ainihin manhajar sansani: ƙishirwa, gudu har a galabaita, wanka da ruwan sanyi da asuba, dukan ruwan sama a watan Agusta ko hunturun Disamba. Jinin ya toshe ƙananan jijiyoyi, yaro ya tsuguna yana riƙe da ƙafa ko ƙirji, mai horarwa kuma, wanda bai girme shi da shekara biyar ba, ya ce ragwanta ce, ya ƙara masa tsallen kwaɗo. Ciwon ƙirji da zazzaɓi da numfashi sama-sama ga mai sikila maganar asibiti ce a wannan sa'ar, ba ta jiran a tashi daga lacca.

Mai asma kuma abin shaƙarsa, Ventolin, aljihunsa ne mazauninsa dare da rana. Na ga tsarin da ake tattara magungunan yara duka a kulle a akwatin shugaban sansani, wai don kada a sha ƙwaya. Niyyar mai kyau ce, amma numfashi ba ya jiran a nemo mai mabuɗi daga masallaci. Mai farfaɗiya da ke kan Tegretol ko makamancinsa, abu biyu ne suka fi kayar da shi: tsallake magani da ƙarancin barci, ga shi sansani gidan ƙarancin barci ne. In ya faɗi a fili, a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali a baki. In ya faɗi a cikin ruwa, ko da bai wuce gwiwa ba, shi ke nan.

A nan dole in juyo kanku, iyaye, domin laifin ba na masu sansani kaɗai ba ne. Da yawa ko an tambaye ku ba za ku faɗa ba. Na san dalili: tsoron a mayar da yaro gida, da tsoron maganar ta fita unguwa ta ɓata wa yarinya aure nan gaba. Tsoron na gaskiya ne, ban raina shi ba. Amma sirrin da kuka ɓoye wa mutum ɗaya mai kula da lafiya, ranar da yarinyar ta faɗi a tsakiyar fareti sansani duka ne zai gani. Ku rubuta sunan cutar da sunan maganin da lokutan shansa a takarda, ku damƙa wa mutum guda da kuka amince da shi, ku ƙara wa yaron maganin kwana uku a kan kwanakin da zai yi.

Sai ruwa. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, magudanan noman rani suka ratsa Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, suka kawo mana shinkafa da tumatir da alkama, suka kuma ba dodon koɗin da ke goyon tsutsar tsargiya gidan zama. Ba sai an sha ruwan ba. Tsutsar ta fatar jiki take shiga yayin wanka ko wanki ko tsallaka kwalbati. Sansanin da ya rasa famfo ya ce wa yara su gangara su yi wanka a magudana, ya raba musu cuta kyauta. Fitsarin jini ba zai bayyana ba sai bayan wata biyu zuwa uku, lokacin da kowa ya manta da sansani, wasu ma su ce ai alamar balaga ce. Ba balaga ba ce, ƙwan tsutsa ne ke yaga mafitsara, in an bar shi shekaru yana iya lalata ƙoda ko ya kai ga sankarar mafitsara. Ban ma taɓo nutsewa ba, alhali ruwan babbar magudana yana gudu fiye da yadda ido ke gani, bangonta kuma siminti ne mai santsi da ba shi da wurin kamawa.

Za a ce mini ƙungiyoyin nan ba su da kuɗin ɗaukar likita. Ban nemi likita ba. Ma'aikacin jinya ɗaya da zai kwana a wurin, da kayan gwajin zazzaɓin cizon sauro, da Coartem, da fakitin gishiri da sukari na gudawa, da gidan sauro, da mota mai mai a tanki wadda direbanta ya san hanyar Babban Asibitin Kura cikin dare. Duk wannan bai kai kuɗin rigunan da ake buga wa tambari ana raba wa manyan baƙi ranar rufewa ba. Akwatin da ba komai a cikinsa sai farasitamol da auduga da diklofenak ba agaji ba ne. Diklofenak ɗin ma, ga yaron da ruwan jikinsa ya ƙare yana iya taɓa ƙoda, ga wanda kububuwa ta sara kuma yana ƙara zubar jini. Saran maciji ba a ɗaure shi tamau, ba a tsaga shi, ba a tsotse shi; a hana gaɓar motsi a garzaya asibitin da ke da allurar kashe dafi, kuma tun kafin a kafa tanti ya kamata a san wane asibiti ne wannan.

Akwai kuma masu tura yaron da ya fara shaye-shaye sansani, wai fareti ya fitar masa da ƙwaya daga jiki. Wanda jikinsa ya saba da tiramol ko diyazefam, in aka yanke masa rana ɗaya cikin daji zai shiga mawuyacin hali, na diyazefam har jijjiga yana iya yi. Wurinsa asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ne ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Abin da aka tarar a gidan mari na Rigasa a Kaduna a 2019 ya isa ya nuna inda gyara da wuya yake ƙarewa.

In yaro ya dawo, aikinku bai ƙare ba. Zazzaɓin da ya taso cikin mako biyu zuwa huɗu a gwada jini kafin a sayi magani. In ya shiga ruwan magudana ko kududdufi, kada ku ruga kemis a ranar ku sayo maganin tsargiya, domin firazikwantel ba ya kashe tsutsar tun tana ƙarama. Ku jira mako shida zuwa takwas, ku kai fitsarinsa gwaji, a auna nauyinsa, domin da kilo ake lissafa maganin, miligiram 40 ga kowane kilo, kuma a sha shi bayan an ci abinci.